Daga Daudawa Zuwa Ramukan Tsohon Birnin Gwari

Daudawa garin auduga ne. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a nan, har yau kuma noma ne ke riƙe da ƙasar Faskari. Amma matafiyin da ya nausa kudu, ya ratsa ƙasar Sabuwa ya tsallaka iyakar Kaduna, zai faɗa ƙasar da arzikinta ke binne: Birnin Gwari.

Sabon garin yana bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Tegina. Labarin zinare kuwa a Tsohon Birnin Gwari yake. An fara haƙar zinare a hukumance a Najeriya wajen 1913, amma sai bayan 1930 kasuwar ta buɗe. Dalilin daga nesa ya zo. A 1931 Ingila ta daina jingina kuɗinta da zinare, a 1934 kuma Amurka ta ɗaga farashin oza ɗaya daga dala 20 da 'yan kai zuwa dala 35. Nan da nan Turawa masu lasisi suka bazu a dazuzzukan Birnin Gwari da Minna da Zamfara, leburori na biye da su. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, sai hankalin gwamnati ya koma kan kuzar Jos, aka kwashi mutane aikin tilas can, aka bar ramuka baki buɗe.

Kada baƙo ya sa ran ganin gidan tarihi. Ramukan ba su mutu ba, jikoki sun gaje su. Zinaren yana cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, shi ya sa ake bin jijiyar ƙasa-ƙasa da diga da guduma, tocila ɗaure a goshi. A fito da dutsen a buhu, a kai injin niƙa, sannan a zo wanki. Nan ne gwaninta take. Mai wanki zai tsuguna bakin ruwa da kwano, yana juya shi a hankali, yana zubar da laka kaɗan-kaɗan, har sai baƙin yashi ya rage a gindi, da ɗan ƙyalli kamar garin gero. Sai a zuba zaiba ta tattaro shi, a ƙona, a ɗora a sikelin dillali.

Niƙan dutsen ne ya fi ba ni tsoro. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Bagega da Dareta, dutsen da ake niƙawa a tsakar gida ya zo da dalma. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe, fiye da 400 suka rasu. Iyayensu ba ganganci suka yi ba, abinci suke nema.

Sai kuma tsaro. Dajin Kamuku da ke kusa da Birnin Gwari ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma a Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda zargin alaƙarta da ta'addancin daji. Wanda zai tashi daga Daudawa yau, a tashar Funtuwa yake fara tsayawa, ya tambayi direbobi lafiyar hanya kafin ya biya kuɗin mota.