Ɗaukaka Ƙara Bayan Hukuncin Jikkata Mutum da Mallakar Makami

A tsarin shari'ar Najeriya, hukuncin da alƙali ya yanke wa wanda aka samu da laifin jikkata wani ko riƙe makami ba bisa ƙa'ida ba yana iya zuwa gaban kotun da ke sama domin a sake duba shi, kuma wannan shi ne ɗaukaka ƙara. Sai dai iyalan masu laifi da yawa suna zaton za a sake shari'ar ne daga farko, alhali kuwa alƙalan kotun sama ba sa ganin shaidu, abin da suke karantawa kawai shi ne kundin shari'a, wato rubutaccen bayanin duk abin da aka faɗa da wanda aka miƙa a kotun ƙasa. Saboda haka, abin da bai shiga kundin ba tamkar bai faru ba ne, kuma da wuya a yarda a kawo sabuwar shaida, sai an nuna cewa ba a iya samun ta ba lokacin shari'ar farko.

Lokaci shi ne abu na farko da ke kayar da mutane. Wanda kotun majistare ta hukunta yana da kwana 30 ya kai kukansa Babbar Kotun Jiha, wanda Babbar Kotu ta hukunta yana da kwana 90 ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda alƙalai aƙalla uku ke zama, daga can kuma zuwa Kotun Ƙoli kwana 30 ne. Ana shigar da takardar sanarwa a ofishin magatakardar kotun da ta yanke hukunci, idan kuma wa'adi ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci da rantsuwar da ke bayyana dalilin jinkiri, dangi kuwa sukan cinye kwanakin wajen haɗa kuɗin lauya.

Zuciyar aikin tana cikin dalilan ɗaukaka ƙara, domin faɗin cewa an yi zalunci bai isa ba, dole a nuna takamaiman wurin da alƙali ya kuskure. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi har ya zamana babu sauran shakka mai ma'ana, kuma kowane laifi yana da rukunansa. Kundin Finalkod, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, ya raba rauni kashi biyu, na yau da kullum da kuma mai tsanani irin su karaya ko rasa ido, ya kuma tsananta hukunci idan an yi amfani da makami mai haɗari kamar adda ko wuƙa. Idan aka hukunta mutum kan rauni mai tsanani alhali babu shaidar da ta nuna tsananin, ko kuma ya ce kare kansa ya yi amma alƙali bai tattauna wannan kariyar a hukuncinsa ba, to lauya ya sami madafa.

Batun bindiga ya fi wannan tsauri, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ta tanadi tsarin lasisi har ga bindigar toka ta mafarauta, manyan makaman da aka haramta kuwa hukuncinsu ba ya gaza shekara 10. A nan sai an tabbatar da abubuwa uku, wato an sami abin a hannun wanda ake tuhuma ko ƙarƙashin ikonsa, abin bindiga ce a ma'anar doka, kuma ba shi da lasisi. Bindigar da aka zaro daga ƙarƙashin katifa a ɗakin da samari huɗu ke kwana ba ta faɗin mai ita, kuma irin wannan giɓin ne kotun sama ke nema.

Galibin irin waɗannan shari'o'in sun dogara ne kan takardar amsa laifi da aka rubuta a caji ofis. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa, amma lokacin yin ƙorafi shi ne daidai sa'ad da ɗan sanda ya miƙa takardar a kotu, inda alƙali zai dakatar da komai ya yi ƙaramar shari'a a cikin shari'a domin gano yadda aka samo ta. Wanda ya yi shiru a lokacin, sau da yawa don ba shi da lauya, zai sha wuya kafin a saurare shi daga baya. Haka kuma sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda ba ya jin harshen kotu haƙƙin samun tafinta kyauta, lamarin da ya shafi Bahaushen da aka karanta wa tuhuma da Turanci.

Kotun sama tana iya wanke mutum ta sallame shi, ko ta mayar da laifin zuwa mafi sauƙi, ko ta rage shekaru, ko ta umarci wani alƙali ya sake shari'ar, tana kuma iya korar ƙarar ko da an sami kuskure muddin bai kai ga tauye adalci ba. Shigar da ƙara ba ya buɗe ƙofar gidan gyaran hali, kuma beli a wannan mataki sai da dalili na musamman, kamar tsananin rashin lafiya ko fargabar mutum ya gama zaman ɗaurinsa kafin a saurari ƙarar. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko da yake lauyoyinta sun yi kaɗan idan aka kwatanta da yawan waɗanda ke tsare.