Tarbiyya da rimot: Barkwancin abin wuyan kare da abin da ke bayansa

Akwai wani barkwanci da iyaye a Turai da Amurka ke yi wa juna idan 'ya'yansu sun fara balaga. Uba zai ga maƙwabcinsa yana horar da kare da wani abin wuya mai batir, wanda idan karen ya ƙi jin kira sai a danna rimot wuta ta ja shi. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce: "Don Allah babu irin wannan na ɗan shekara 15?"

Duk Bahaushen da ke da saurayi ko budurwa a gida zai gane wannan raha ba sai an yi masa bayani ba. Mu ma muna da tamu: "Yaron nan sai dai a ɗaure shi," ko "Ka ci gaba, gidan mari ne ƙarshenka."

Amma babu wanda dariyar za ta fi kamawa kamar magidancin da ke bida. A ƙasar Adar da ke jihar Tawa a Nijar, daga Babban Katami da sauran garuruwan Buza zuwa Keita da Madawa, an saba da zarar an gama girbi maza su kama hanyar Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya. Wasu sai damina, wasu sai bayan shekaru.

Al'adar ta daɗe. Ko lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa, saboda mazan ba su gari.

Yau uba yana Abijan, saƙon murya na shigo masa ta WhatsApp: ɗanka ya daina zuwa makaranta, ɗanka ba ya kwana gida, an gan shi da 'yan shan tiramol. Mai irin wannan hali, me zai fi so a duniya kamar rimot ɗin da zai danna daga nesa yaro ya shiryu?

Ko a kan kare bai ci jarrabawa ba

Abin wuyan yana da ƙananan ƙarafa biyu da ke taɓa fatar wuyan kare. Mai rimot na iya ƙara ƙarfin wutar ko ya rage. Masu sayar da shi na cewa yana saurin ladabtar da kare mai taurin kai.

Sai dai ƙasashe da dama sun haramta shi. Yankin Wales na Birtaniya ya hana amfani da shi tun 2010. Jamus da Denmak da Ostiriya ma sun hana, Holan ta bi sahu a 2022.

A 2020 masu bincike a Jami'ar Lincoln da ke Ingila sun gwada karnuka 63 da aka raba gida uku. Sakamakon ya nuna waɗanda aka horar ta hanyar ba su lada idan sun yi daidai sun fi saurin amsa kira a kan waɗanda aka sa wa abin wuyan lantarki.

Dalilin da likitocin dabbobi ke bayarwa mai sauƙi ne. Zafi yana gaya wa kare ya daina, amma ba ya gaya masa abin da zai yi a madadin haka. Sau da yawa ma karen kan ɗora laifin zafin a kan wanda ke kusa da shi a lokacin, ko yaro ne ko wani kare, sai ya koma mai tsoro ko mai cizo.

Mafarautanmu sun riga masu binciken sanin haka. Karen farauta tun yana ɗan kwikwiyo yake bin uban gidansa daji, yana cin rabonsa daga abin da aka kamo. Haka ma karen Azawak na makiyayan arewacin Tawa, wanda yanzu Turawa ke saye da tsada: a cikin iyali yake tashi, shi ya sa yake tsare garke ko mai shi ba ya nan.

Inda wasa ya zama gaske

A Amurka an taɓa mayar da barkwancin aiki. Cibiyar Judge Rotenberg da ke jihar Massachusetts ta shafe shekaru tana ɗaura wa wasu ɗalibanta masu naƙasa na'urar da ke jan su da wuta idan sun yi abin da ba a so. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta haramta na'urar a 2020, wata kotu ta soke haramcin a 2021. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa sun yi tir da abin.

Mu kuwa namu abin wuyan na ƙarfe ne, kuma a ƙafa ake sa shi.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kai samame wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara. Da yawa na ɗaure da mari, bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka kuɓutar da wasu 67 a Daura, sannan wasu 147 a wani gidan na Kaduna. An samu irin waɗannan gidaje a Zariya da Ilori da Ibadan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yawancin waɗanda aka samu a ciki ba sato su aka yi ba. Iyaye da 'yan uwa ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye ko sata ko rashin ji. Iyaye ne da suka gaji, suka rasa yadda za su yi, suka miƙa rimot ɗin ga wani.

Tsoro na daji, kunya ta gida

Wani zai ce ai mu da bulala aka rene mu, ga mu mun zama mutane. Amma wanda ya duba da kyau zai ga bulalar ba ita kaɗai ba ce. Akwai uba da ake zuwa gona tare da shi, akwai kawu da baffa, akwai maƙwabcin da ke da ikon tsawatarwa. Idan bida da rayuwar birni suka kwashe waɗannan duka, bulalar da ta rage ba za ta ɗauki nauyinsu ba.

A 2016 masu bincike biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara nazarin shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000. Sun gano cewa yawan duka yana tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa da matsalar ƙwaƙwalwa, ba su kuma ga alamar yana gyara hali ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa ma sun nuna cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo bayan aiki, ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara 20. Ɗan shekara 15 da ke yin abu ba tunani bai zama ɗan iska ba tukuna, ɗanye ne.

Malamai kuma na yawan tunatar da cewa Anas bin Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba.

Me uban da ke nesa zai yi?

Wayar da ke kawo ƙara ita ce kuma abin da ke hannunsa. Magidanta da yawa ba su neman a ba yaro waya sai ranar da ya yi laifi, har muryar uba ta zame masa kamar jan wuta. Kiran yaron shi kansa ranar da bai yi komai ba, a tambaye shi abokansa da abin da yake so ya zama, yana sa ranar faɗa ya saurara.

Na biyu, a damƙa shi ga mutum guda da yake jin nauyinsa, kawu ko baffa ko malami, kada a bar uwa ita kaɗai da saurayin da ya fi ta tsawo.

Na uku, a ba shi abin yi da zai ga amfaninsa a hannunsa: ɗan fili a lambun albasa, ko tunkiyar kiwo da ribarta tasa ce, ko koyon gyaran babur.

Idan kuwa abin ya kai ga shaye-shaye, to ya zama ciwo, wurinsa asibiti. Akwai babban asibitin jiha a Tawa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware da ke Sakkwato da Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna.

A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Ke nan nan da 'yan shekaru kaɗan gidajen da za su yi wannan barkwanci sun fi na yau yawa, kuma yadda aka bi da yaran yau haka za su bi da nasu.