3.2 Auna Tasirin Binciken Masanin Sinadarai

Yawan maƙalun da masani ya wallafa bai isa ma'auni ba, sai an ƙirga sau nawa wasu suka kafa hujja da su. A shekarar 2005 Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin h, wato mai h 10 yana da maƙalu goma da aka ambaci kowace aƙalla sau goma. To amma ma'aunin na da rauni. Maƙalar 2008 ta Umar Ibrahim Gaya na Jami'ar Bayero da Abdul Halim Abdullah, kan rusa gurɓatattun sinadarai ta hanyar haske, an ambace ta sau dubbai, amma lamba ɗaya tak take ƙarawa. Haka kuma, malamin Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, Kazaure, idan ya wallafa a mujallar da ba ta cikin jerin Scopus, ba za a ƙirga masa a can ba.