Yaron da Ba Shi da Zance Sai na Dainaso

A wannan mako ina so mu yi magana a kan yara masu larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Irin yaron nan ne da ba ya son haɗa ido da mutane, yakan yi jinkirin buɗe baki, hayaniyar biki ko ta kasuwa tana tayar masa da hankali, amma in ya ƙwallafa ransa a kan abu guda, to, shi ke nan. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana larurar tun 1943. Ba iska ba ce, kuma ba sakacin uwa ne ke kawo ta ba.

A ajina a nan Bagudo akwai wani yaro ɗan shekara 7 wanda ya ga dainaso a wayar kawunsa, wato manya-manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zamanin ɗan'adam. Tun daga ranar ba shi da zane sai nasu. Kakarsa ta ce dodanni ne, aka ƙone takardun, yaro kuwa ya yi mako guda bai taka makaranta ba.

Ai kuwa dabbobin nan ba na ƙasar Turawa kaɗai ba ne, maƙwabtanmu ne. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya fara haƙo ƙasusuwansu a 1965. Akwai wanda aka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999, tsawonsa ya kai mita 9, haƙoransa sun fi 500, ga baki mai faɗi da yake kiwo da shi a ƙasa kamar saniya. Ko a Goronyo ta ƙasar Sakkwato an sami ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, aka sa masa Goronyosaurus a 1972, ko da yake shi ba dainaso ba ne. Wanda ya sami zuwa Yamai, ya leƙa gidan tarihi na Bubu Hama ya gani da idonsa.

To, uwargida, ga yadda za ki ci moriyar abin. Ki aika a ɗebo miki yumɓu daga bakin Kwara, ku zauna tare ku gina dabbar. Ki tambaye shi ƙafafunta nawa, me take ci. Ko bai amsa ba yau, kada ki matsa masa. Da ƙirga haƙoran Nigersaurus ɗalibin nan nawa ya kai 100, alhali da tsakuwa ya ƙi wuce 10. Sai dai a sa wa abin lokaci: a gaya masa bayan cin abinci ne za a yi dainaso, kuma a cika alkawari, domin irin yaran nan sauyin tsari ba zato yana gigita su ƙwarai.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, in ƙanenku ne, ku rubuta masa sunayen da manyan baƙaƙe, ku tsawata wa masu ce masa mahaukaci a hanya.

Uwar da ta ga ɗanta ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ta kai shi asibiti a fara duba kunnensa, sa'an nan ta nemi a tura su wurin likitan yara.