Bokiti ɗaya na ruwan zafi daidai yake da cajin waya sau 20: ga inda kuɗin mitarka ke tafiya

Da zarar hunturu ya kama a Zariya, daga Disamba zuwa Janairu, sai ka ji masu mitar kati a Muciya da Samaru da Sabon Gari suna ƙorafi iri ɗaya: katin da yake kai mako biyu ya koma ƙarewa cikin kwana biyar. Wasu su zargi mita, wasu su zargi yara da yawan cajin waya. A wasu gidajen kuma maigida yakan kafa doka: a rage wanka, a rage wanki, har sanyi ya wuce.

Kafin a kai ga hana mutane wanka, yana da kyau a san abin da yake cinye wutar. A wannan maƙala za mu yi lissafin dalla-dalla, da alƙaluman da kowa zai iya gwadawa da kalkuletar wayarsa.

Me ya sa abin ya fi zafi yanzu?

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin kunna janareta ya yi tashin gwauron zabo. A ranar 3 ga Afrilu, 2024 kuma hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. An ɗan sassauta daga baya, inda Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Zariya, ya koma sayar da shi a kan naira 209.5 daga watan Yulin 2024.

Ba kowace unguwa ce take Band A ba, kuma farashi yana canzawa. Don sanin naka, duba saƙon da ya shigo wayarka lokacin da ka sayi kati na ƙarshe, ka raba kuɗin da ka biya da adadin yunit ɗin da aka ba ka. Abin da ya fito shi ne farashin yunit ɗinka na gaskiya. A nan za mu yi amfani da naira 210 don sauƙin lissafi.

Mene ne yunit?

Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 za ta sha idan ta yi aiki na awa ɗaya. Kowace na'ura akwai adadin wat ɗinta a rubuce a jikinta, da harafin W a gabansa. Ƙwan fitila na zamani yana cin wat 5 zuwa 15. Fankar sama ta gargajiya tana cin wat 60 zuwa 80. Hitar da ake tsomawa a bokiti kuwa tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, haka ma butar lantarki da dutsen guga.

Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan ukun na ƙarshe: dukkansu zafi suke samarwa. A cikin gida babu abin da ya kai samar da zafi cin wuta, kuma ruwa yana cikin abubuwan da suka fi wuyar ɗumamawa.

Lissafin bokiti

Akwai ƙa'ida mai sauƙi. Ka ninka yawan litar ruwa da adadin digirin da kake so zafinsa ya ƙaru, sannan ka raba da 860. Amsar ita ce yunit ɗin da za ka kashe.

Misali, bokiti mai lita 20, ruwan yana digiri 20 da safe, kana so ya kai digiri 40 na wanka. 20 sau 20 ya ba da 400, a raba da 860, ya zama 0.47. Kusan rabin yunit ke nan, wato kimanin naira 100 a kan bokiti ɗaya. Hita mai wat 1,500 za ta yi wannan aikin cikin kusan minti 19.

Yanzu mu kwatanta da waya. Batirin waya mai 5,000mAh, irin wanda yake cikin yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Redmi na yanzu, yana ɗaukar kusan kashi biyu cikin ɗari na yunit kafin ya cika, ko ɗan sama da haka idan aka haɗa da abin da caja take ɓatarwa. Ma'ana, wutar da ta ɗumama bokiti ɗaya za ta cika wayarka daga sifili har ɗari kusan sau 20. Idan kana cajin waya kullum tsawon wata guda, ba za ka cinye yunit ɗaya ba.

Gida mai mutum shida kuwa, idan kowa zai yi wanka da bokitin ruwan ɗumi sau ɗaya a rana, suna buƙatar kusan yunit 84 a wata. A farashin Band A, abin ya haura naira 17,000. Don haka wanda yake bin yara yana zare caja, alhali hita tana cikin bokiti, ya bar jaki yana dukan taiki.

Ruwan sanyi fa? Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan yunit ɗaya a awa, amma a cikin awar nan yakan jawo ruwan da ya kai bokiti masu yawa. Kuɗin wutar da ya hau kan bokiti ɗaya na ruwan sanyi bai taka kara ya karya ba. Wankan kansa ba shi da tsada. Ɗumama ruwan ne yake kwashe kuɗin.

Shawarar Turai da halin da muke ciki

Batun rage wanka ya yi tashe a shekarar 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Ukraine ya sa iskar gas ta yi tsada a Turai. Ministan tattalin arzikin Jamus na lokacin, Robert Habeck, ya fito ya ce ya rage tsawon lokacin da yake ɗauka a shawa. Winfried Kretschmann, shugaban gwamnatin jihar Baden-Württemberg na lokacin, ya ba mutane shawarar su riƙa goge jiki da tsumma mai laima maimakon shiga shawa kullum, abin da ya jawo masa barkwanci a kafafen sada zumunta.

Shawarar tana da ma'ana a wurinsu, domin shawa tana iya zubar da kusan lita goma a minti ɗaya. Wanda ya tsaya minti goma ya ƙarar da lita 100 na ruwan zafi, bokiti biyar ke nan. Mai wanka da bokiti da kofi ya riga ya yi tsimin da ake roƙon Bajamushe ya yi. Idan shi ma ya ce zai rage yawan wankan, lafiyarsa zai taɓa.

Kuma lafiyar tana da nata lissafin. A ɗakunan ɗalibai na Samaru, inda mutum huɗu ko biyar suke kwana a ɗaki ɗaya, ƙazuwa da makero suna yaɗuwa ta hanyar haɗa jiki da zanin gado da tawul. Mutum ɗaya ya kamu, sai an yi wa kowa magani, sannan a wanke duk kayan kwanciya da ruwan zafi sosai. Abin da aka yi tsimi a wata guda zai iya tafiya a kantin magani cikin yini ɗaya. Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi da kafin cin abinci kuwa, wannan ba ya cikin abin da ake ragewa ko kaɗan, musamman da damina lokacin da amai da gudawa yake ɓulla.

Yadda za ka rage zafin ba tare da ka rage tsafta ba

Na farko, rage yawan ruwan da kake ɗumamawa. Lita 10 ta isa babba ya yi wanka tas idan ya jiƙa jiki, ya shafa sabulu, sannan ya ɗauraye da kofi. Kuɗin ya ragu da rabi nan take. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, wato 'yan litoci kaɗan.

Na biyu, kada ka bar ruwa ya tafasa a banza. Idan ka manta hita a bokitin lita 20 har ya tafasa, ka kashe kusan yunit 1.9, ninki huɗu na abin da kake buƙata. Ka sa ƙararrawar wayarka ta minti 15 duk lokacin da ka jona. Idan a wuta kake dafawa, lita biyar na tafasasshen ruwa ta isa ta sirka lita 15 na sanyi su kai ɗumin wanka. Ka rufe tukunyar, kuma ka sauke da zarar ta tafasa.

Na uku, yi amfani da rana. A arewacin Najeriya kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana samun hasken da ya kai kusan yunit biyar zuwa shida a yini. Baƙar jarka cike da ruwa, a kwantar da ita a rana tun hantsi, kafin la'asar ta yi ɗumin wanka, ko da yake ranar da hazo ya yi kauri ba za ta yi zafi sosai ba. Wanda aikinsa ya ba shi dama ya mayar da babban wankansa zuwa yamma ya huta da kuɗin hita gaba ɗaya. Sai dai a guji jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinta.

Na huɗu, idan gidanku yana da hitar bango, kada a bar ta a kunne dare da rana. Ruwan cikinta yana hucewa a hankali, ita kuma tana sake ɗumama shi ko babu mai wanka. A kunna ta rabin awa kafin wanka, a kashe bayan an gama. Akwai soket mai agogo da soket da ake sarrafawa ta manhajar waya, wasu ma suna nuna yunit ɗin da na'ura ta sha. Idan za ka saya, ka nemi mai 16A. Ƙaramin soket yana iya narkewa a ƙarƙashin hita.

Janareta, sola ko gas?

Idan babu wutar Kaduna Electric, kada ka ɗumama ruwa da janareta. Ƙaramin janareta da wuya ya ba ka yunit biyu daga litar fetur ɗaya, sauran ƙarfin man yana tafiya a zafin inji da hayaƙi. Ɗan ƙaramin nan na shago ma ba zai iya ɗaukar hita ba. Haka batun yake da batirin sola: batiri mai 12V da 200Ah irin na ruwa yana riƙe yunit 2.4, kuma rabin wannan kawai ya kamata a riƙa ja idan ana so ya daɗe. Bokiti biyu da rabi sun tashi da shi.

Gas ya fi dacewa da wannan aikin. Kilo ɗaya yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa yunit 13, kusan rabinsa ne yake shiga tukunya, don haka zai ɗumama bokiti goma sha biyu ko kusa da haka. Ka raba farashin kilo na yau da 12, ka kwatanta da kuɗin rabin yunit a unguwarku, za ka ga wanda ya fi maka sauƙi. Gawayi ma yana yi, amma a tsakar gida. Kunna shi a rufaffen ɗaki ko banɗaki yana tara iska mai guba marar wari, wadda take kashe mutum cikin barci.

Wanki da guga

A injin wanki, mafi yawan wutar tana tafiya ne wajen ɗumama ruwa, juyawar injin kaɗan take ci. Ka saita shi a kan ruwan sanyi, ka tara kaya har su isa lodi guda. Mai wanki da hannu kuma ya jiƙa kaya da omo na rabin awa kafin ya fara cuɗa, dauɗa za ta saki ba tare da ruwan zafi ba. Ruwan ɗauraya na ƙarshe a ajiye shi don bayi da share tsakar gida, musamman ga masu sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa.

Dutsen guga shi ne ɓoyayyen mai cin wuta. Duk lokacin da ka jona shi don riga ɗaya, sai ka biya kuɗin ɗumama ƙarfen daga farko. Ka ware rana ɗaya a mako ka goge komai a zama ɗaya, ka fara da kaya marasa nauyi, ka bi da shadda da yadi mai sitaci, sannan ka zare ka ƙarasa hankici da ƙananan kaya da ragowar zafin. Kayan da aka kakkaɓe aka shanya a miƙe ma ba sa buƙatar doguwar guga.

Waɗanda ba a yi wa tsimi

Jarirai da tsofaffi da marasa lafiya suna buƙatar ruwan ɗumi da sanyin safiya. Masu sikila sun fi kowa, domin sanyi yana tayar musu da ciwo. Idan kuɗin gida ya isa bokiti biyu kawai, nasu ne.

Ita kuma hitar bokiti a yi hattara da ita. Kada a tsoma hannu don jin ɗumin ruwa alhali tana jone, kada a jona ta kafin ta nutse a ruwa, kuma a nisanta ta da yara. Wadda ake haɗawa a gida da ƙusa ko reza da tsirarar waya ba abin ajiyewa ba ce, komai arharta.

Gwada da kanka

Gobe da safe ka ɗauki hoton mitar da wayarka kafin a jona hita, ka sake ɗauka bayan an zare. Ka yi haka da dutsen guga, ka yi da cajar waya. Cikin kwana uku za ka san na'urar da take cinye katin gidanku, da alƙaluma a hannunka da za ka nuna wa maigida ko abokan zamanka na ɗaki kafin a yanke shawarar abin da za a rage.