Malamin lakwal zai iya gano ɗalibin da ke buƙatar likitan haƙori?

A yawancin ƙauyukan jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, yaro kan gama firamare ba tare da likitan haƙori ya taɓa leƙa bakinsa ba. Likitocin ƙalilan ne, kuma akasarinsu suna Yamai da manyan birane. Shi ya sa ake tambaya: me zai hana a horar da malaman lakwal da ma'aikatan CSI su riƙa duba bakin yara?

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma yara miliyan 514 ke da ruɓewa a haƙoransu na farko.

Aikin ba ya buƙatar kaya masu tsada: tocila, safar hannu da ɗan katakon danne harshe. Wanda aka horar zai iya gane kogon da ya buɗe, haƙorin da ya karye, kumburi, ruwan mugunya da dasashi mai zubar da jini. Abin da ke kuɓuce masa shi ne ruɓewar da ta fara, wadda ke bayyana kamar farin tabo, da wadda ta ɓuya tsakanin haƙora biyu, inda likita kansa kan nemi a ɗauki hoto. Aikinsa ke nan ya tsaya ga ware masu buƙatar gaggawa. Yanke hukunci kan magani na likita ne, kuma kada iyaye su ɗauka yaron da aka ce ba a ga komai ba ya tsira.

A Nijar akwai wani dalili mafi nauyi, wato cutar noma, mai cin naman fuska, wadda OMS ta saka cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disambar 2023. Tana farawa ne da ciwon dasashi da warin baki ga yaro mai tamowa, kuma tana kashe kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su samu magani ba. Idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftar baki da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram. Sai dai noma ta fi kama ƴan shekara 2 zuwa 6, yawancinsu ba su shiga lakwal ba, saboda haka dole dubawar ta kai wurin awo da rigakafi.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan dubawa. Masanan cibiyar Cochrane, da suka tattara binciken da aka yi kan duba haƙora a makarantu, ba su samu tabbatacciyar hujja cewa dubawar kaɗai tana ƙara yawan yaran da ake kaiwa likita ba. Uban da aka miƙa wa takarda, alhali likitan na nesa kuma ba shi da kuɗin mota, zai ninke ta ya ajiye. Kafin a raba wa malamai tocila, ya kamata a san asibitin da zai karɓi yaran, ranar da za a kai su, da wanda zai biya.