Abin Da Ke Sa Gam Ya Saki Kwali

Akwatin kwali mai ƙarfi, irin wanda ake sa turare ko agogo a ciki, ba da ƙusa ake haɗa shi ba. Kwali ne mai kauri ake yankawa a tayar, sa'an nan a lulluɓe shi da takarda mai kyau, gam ya riƙe su. In gam ya saki, takarda ta ɗaga a baki ko ta yi ƙuruje, sai mai saye ya zaci kayan ma tsohon ajiya ne, ya rage kuɗi. Hasarar kuwa kan ɗan kasuwa take sauka.

Gam ɗin nan da yawansa daga hannun manomi da makiyayi ya fito. Wani daga guntayen kirgi da ƙashi ake dafa shi, wani daga sitacin rogo ko masara. Ƙaron dakwara na Barno ya fi dacewa da ambulan da kan sarki. Gam na fata shi ne masu wannan sana'a suka daɗe da shi, domin yana kamawa da sauri, amma fa yana da sharaɗi: da ɗuminsa ake shafa shi, wajen digiri 60 na ma'aunin Salsiyas. In ya huce sai ya daskare tun takarda ba ta kwanta ba. In kuma aka bar shi ya tafasa, ƙarfinsa ya tafi, ko da ido yana ganinsa kamar na jiya.

Galibi gam ake ɗora wa laifi, alhali kuwa sau da yawa laifin na lokaci ne. Da hunturu iska ta bushe, sanyi ya sauko, gam yakan yi fata kafin ma'aikaci ya naɗe bakin takarda, don haka sai a gaggauta hannu, a rufe tagogi. Da damina kuwa kwali ya riga ya sha laima, ba ya karɓar ruwan gam, sai haɗin ya daɗe bai bushe ba, har ya yi fumfuna.

Gwanin aiki ba ya jayayya, sai ya ɗauki akwati ɗaya ya ɓare takardar. In ta yage, ta bar gashinta a jikin kwali, to, gam ya kama. In ta fita sumul, gam yana ƙyalli a gefe guda, watau ya bushe kafin a haɗa, ko kuma ba a danna sosai ba. In ba a ga alamarsa ba sam, ruwa ya yi masa yawa, kwali ya shanye. Takardar da aka yi wa rufin leda mai sheƙi kuwa, gam na fata ba ya cizonta sosai, sai a nemi wanda aka yi dominta.

Akwai kuma lanƙwashewa. Takarda takan buɗe in ta jiƙe, ta tsuke in ta bushe, ta ja kwali zuwa gefenta. Maganinsa a rage ruwa, a manna wata takardar daga ciki, a danne da nauyi har ya bushe.

Ɗan kasuwar da ya karɓi akwatuna, kada ya jibge su a ƙasa ko jikin bango. Ya ɗora su bisa katako, ya riƙa dubawa, gama kyankyaso yana son sitaci da gam na fata ƙwarai.